Fasfo a aljihu ko a ɗakin otal?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu fita. In Allah ya kai mu bayan sallah zan kai iyali Masar, ni da maiɗakina da yara biyu, mu ga dalar Giza da masallacin Azhar, daga nan mu zarce Istanbul mu ɗan kwana biyu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan mun sauka a otal za mu fita yawo cikin gari, fasfo ɗin zan riƙa ɗauka ko in kulle shi a ɗaki? Wani abokina ya ce fotokwafi ya wadatar. Wani kuma ya ce in sa katin NIN a aljihu kawai. Wanne zan kama?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Alhaji ɗauki fasfonka. Kada ka saurari kowa. Mu da muke zuwa Guangzhou saro kaya mun san wannan karatun. Dokar China ta ce duk baƙon da ya kai shekara 16 ya riƙe fasfonsa a jikinsa, kuma 'yan sandansu ba sa wasa, musamman a unguwar Xiaobei inda baƙar fata suka fi yawa. Na ga an tare wani bawan Allah a bakin kasuwa, ya zaro takarda a ninke huɗu duk ta jiƙe da gumi, ɗan sandan ko karɓa bai yi ba, ya nuna masa mota. Sai da aka je masaukinsa aka ɗauko na ainihin, yini guda ya tafi a banza, ga kaya yana jiran a loda masa. Ko jirgin ƙasa ba za ka hau ba sai da fasfo, don da lambarsa ake yanka tikitin.

Maman Ilham:
Haba Ɗan Kwari, mutum ya ce maka Masar da Turkiyya, kai ka kai shi China. Abban Sadiq, ni dai ba na fita da fasfo. Ka taɓa shiga kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira da yamma? Ko taragon Istanbul da ke bi ta Sultanahmet lokacin da aka taso daga aiki? Mutum a jikin mutum. Ga yara biyu kana riƙe da su, wannan na jan ka zai sayi alawa, wancan ya ɓace maka a cikin jama'a. A nan 'yan sane suke cin kasuwarsu. In ɗan sanda ya tare ka ba ka da fasfo, iyakaci ya ɓata maka awa biyu. In ɓarawo ya ɗauke shi kuwa, tafiyar gaba ɗaya ta mutu, har bizar Turkiyyar. Ka auna da kanka.

Ɗan Kwari:
Hajiya awa biyu a wajen wa? Wajen Bature mai jan fasfo wataƙila. Mu masu koren fasfo da baƙar fata lissafinmu daban ne.

Malam Na-Zazzau:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa, sai dai kowa ƙasar da ya sani yake ba da labari. Babu doka guda da ta game duniya a kan wannan. A Ingila babu wanda ya wajabta wa mutum yawo da katin shaida, ko ɗan ƙasa ko baƙo. A Jamus dole ka mallaki fasfo kuma ka nuna shi in hukuma ta nema, amma ba a ce lallai yana aljihunka ba. Maƙwabciyarta Holan kuma, daga shekara 14 duk wanda ɗan sanda ya tambaya sai ya nuna takardar ainihi nan take, in babu a ci shi tara. Italiya ma baƙo na nuna fasfonsa ne in an nema. Japan kuwa akwai tsanani, fita ba fasfo laifi ne da tararsa ke iya kaiwa yen 100,000.

To mu dawo inda Abban Sadiq za shi. A Turkiyya doka ce mutum ya kasance da shaida mai hoto a jikinsa, kuma shaidar baƙon da ya shigo da bizar yawon buɗe ido ita ce fasfonsa. Ƙari a kan haka, hukumomin Istanbul sun daɗe suna farautar waɗanda bizarsu ta ƙare suka maƙale, ana tsayar da mutane a tashoshin jirgin ƙasa da unguwanni irin su Aksaray. Maganar Ɗan Kwari ta launin fata ba daɗin ji, amma haka abin yake: ɗan Afirka ya fi saurin jan idonsu. Abin da suke son gani ba hotonka ba ne, hatimin shigowarka ne da ranar da izininka zai ƙare. Fotokwafin shafin hoto kaɗai ba ya nuna wannan. Don haka ni a Istanbul da fasfona nake fita.

Masar da ɗan sauƙi a cikin Alƙahira. Amma da zarar za ka bar gari, ko Iskandariyya ko Luxor ko Aswan, akwai shingayen bincike a hanya, ka tafi da shi. Haka in za ka sayi layin waya ko canjin kuɗi a banki, za a nema.

Abban Sadiq:
Allah ya saka da alheri Malam. To katin NIN ɗin fa?

Malam Na-Zazzau:
Ɗan sandan Istanbul bai san NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ba, ba shi kuma da na'urar da zai duba lambar. Amma kada ka bar shi a gida. Ranar da zai yi maka amfani ita ce ranar da, Allah ya kiyaye, fasfo ya ɓata ka je ofishin jakadancin Najeriya kana son su yarda kai ɗan ƙasa ne. Ka ajiye shi a jakar da ba ta fasfo ba.

Sarkin Zolaya:
Ni katin zaɓe nake tafiya da shi. Tunda bai yi mini amfani a gida ba, na ce ko a waje za a dace.

Maman Ilham:
Kai dai Allah ya shirye ka.

Direban Maraɗi:
Salamu alaikum. Ku kuna ta zancen jirgin sama, mu 'yan ƙasa bari mu sa baki. Shekara da shekaru mutanenmu na ƙetare Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko Ƙonni zuwa Illela, wani ko takarda ɗaya babu a jikinsa, don can gidan kawunsa ne, nan gidan surukansa. Shi ya sa da yawa suka ɗauka yarjejeniyar CEDEAO (wato ECOWAS) ta 1979 cewa ta yi a wuce hannu rabbana. Ba haka ta ce ba. Biza ta ɗauke, ta ba ka kwana 90, amma takardar tafiya da katin rigakafi suna nan a kanka. Yanzu kuma Nijar da Mali da Burkina sun fita daga ƙungiyar tun 29 ga Janairun 2025, har an fito da fasfon AES, wato ƙawancen ƙasashen uku. Ɓangarorin biyu duka sun ce jama'a su ci gaba da shiga ba biza, wannan gaskiya ne. Amma mu da muke kan hanya kullum muna gani, jandarma ya fi da tambaya yanzu. Wanda zai tsaya kasuwar bakin iyaka ya juya, wannan daban. Wanda zai wuce ciki, Yamai ko Damagaram ko Agadas, ya zo da fasfonsa cikakke, kuma ya tsaya a buga masa hatimi. Kada ɗan acaba ya ce zai zagaya da kai ta daji don ka huta da layi. Ka huta a nan, can gaba a shinge na uku za a tambaye ka ta ina ka shigo.

Ɗan Kwari:
Wannan haka yake. Hatimin shiga ya fi komai. Har a filin jirgi ni ba na matsawa daga gaban jami'i sai na buɗe na ga ya buga, na karanta kwanan watan.

Baban Zango:
'Yan'uwa gaisuwa daga Kumasi. Akwai takarda guda da ban ji an ba ta haƙƙinta ba, direba ne kawai ya taɓo ta: katin allurar shawara, wanda muke kira yalo kad. Duk mai shigowa Ghana ana nemansa, ko ta Aflao ko ta filin jirgin Accra. Kuma Abban Sadiq, wannan ya shafe ka kai tsaye, don Masar na neman sa daga wanda ya taso daga ƙasar da ake samun cutar, Najeriya kuwa na ciki. Kai da madam da yaran duka. Abu biyu za ka riƙe. Na farko, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba abin da za ka bari sai ana gobe tafiya ba ne. Na biyu, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, an daina sabuntawa duk shekara goma. In kana da tsohon kati na gaskiya, allurarka na nan daram.

Anti Nas:
Baba ya yi gaskiya, sai dai ƙarin bayani ga 'yan Najeriya: tun 2019 aka koma sabon kati mai lambar da ake dubawa a kwamfuta, ana biya ta intanet sannan a je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa a karɓa. Mai tsohon kati ya je da shi a mayar masa sabo. Kuma don Allah jama'a a daina sayen katin nan a hannun 'yan bakin tasha ba tare da an yi allurar ba. Shawara na kisa. Ba jami'in ka cuta ba, kanka ka cuta, ka kuma cuci yaran da ka saya wa.

Sarkin Zolaya:
Anti allurar ce da zafi.

Anti Nas:
Ƙato da kai. Jarirai 'yan wata tara ake yi wa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni abin da zan ce, duk wannan gardamar ta a ɗauka ko a bari, iyayenmu sun gama ta tuntuni da lalita. Matsalar ba ɗaukar fasfo ba ce, inda ake sa shi ne. Namiji ya cusa shi a aljihun gefe na kaftani, wanda ko yaro zai zura hannu. Mace ta jefa a jakar hannu tare da turare da cingam, ta rataya a kafaɗa ta baya. To me ake jira? Ni tela na sa ya ɗinka mini 'yar jaka mai zif da igiya, tana rataye a wuyana ta cikin riga, hijabi ya sauko a kai. Fasfo na ciki a cikin leda saboda gumi. Kuɗin kashewa na yini suna jakar waje, in an sace su Allah ya mayar da alheri. Da haka nake shiga kasuwar Dubai da ta Jidda da ta Alƙahira.

Saudiyya kuma nata tsarin daban ne, tunda na ga akwai masu niyya a zauren nan. Lokacin Hajji ba fasfo askar yake tambaya ba, katin shaidar alhazai na Nusuk ne, wanda aka wajabta tun Hajjin 2024. Ba shi, ba shiga Mina da Arfa. A 2025 tarar wanda aka kama zai yi Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, ga kora. Kuma ku da kuke rako tsofaffi, ku sa musu katin otal a jaka, mai suna da adireshi da Larabci. Na tsinci wata baiwar Allah a harabar Harami bayan isha'i, tana zaune ta rungume takalmanta, abin da kawai ta sani shi ne masaukinsu "dogon gida ne kusa da mai shayi". A Makka dogon gida guda nawa ne? Da abin shaidar alhazai da ke ɗaure a hannunta aka gano jiharsu.

Maman Ilham:
Hajiya na yarda da lalita, amma fasfo huɗu fa ake magana. Abban Sadiq zai zama kamar mai cikin wata bakwai.

Hajiya Mai Atamfa:
Ya riƙe biyu, uwargida ta riƙe biyu. Hakan ma ya fi, kada a tara su wuri ɗaya.

Tsohon Ɗalibin Khartoum:
Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓo ni. Ina Sudan lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Da safe muka tashi da ƙarar bindiga, babu wanda ya shirya. Da aka fara maganar kwashe ɗalibai a motoci zuwa iyakar Masar, sai ga wasu daga cikinmu fasfonsu ba ya hannunsu. Wani ya bayar a ofis don sabunta igama, wani yana wajen ejan, wani ya kai neman bizar wata ƙasa, ofishin kuma an rufe an gudu. Mu masu fasfo a hannu ma mun kwana a bakin iyaka cikin rana da ƙishirwa kafin a bar mu mu wuce Aswan, balle su. Waɗanda suka fi samun sauƙi a cikinsu su ne masu hoton fasfon a waya ko a imel, don da shi aka yi musu takardar gaggawa.

Ba ina tsorata kowa ba ne, mai yawon mako biyu ba lallai ya ga irin wannan ba. Abin da nake nufi, ko a jikinka yake ko a ɗaki, ya zama inda hannunka zai kai gare shi cikin minti kaɗan. Kada ka ba ejan ya tafi da shi ya ce gobe zai kawo. Kada ka bar shi jingina wajen mai ba da hayar mota ko babur.

Malam Na-Zazzau:
Allah ya kiyaye gaba. Tunda an zo nan, bari in faɗi yadda ake yi in ya ɓata, don mutane na rikicewa. Farko ofishin 'yan sanda mafi kusa, a ba ka rahoto a rubuce. Sannan ofishin jakadancin Najeriya da rahoton, da hotuna ƙanana, da duk wata shaidar da ta rage maka, a nan NIN da fotokwafi suke da rana. Abin da za su ba ka takardar tafiya ce ta gaggawa, kuma hanya ɗaya take yi: gida. Ba za ka ci gaba da yawo da ita zuwa wata ƙasa ba. Sau da yawa kuma sai ka bi ta hukumar shige da ficen ƙasar da kake ciki ta tabbatar da shigowarka kafin a bar ka ka fita. Wani abu da ba a sani ba: in ka riga ka kai rahoto, sannan daga baya fasfon ya fito a ƙarƙashin katifa, kada ka yi tafiya da shi ba ka koma ka tambaya ba. Lambobin fasfon da suka ɓata ana tura su rumbun Interpol, 'yan sandan ƙasa da ƙasa, sai a riƙe ka a filin jirgi da fasfonka na halal.

Abban Sadiq:
Wallahi na ƙaru. Yaran fa, ban da fasfonsu akwai wani abu? Ɗaya shekara tara, ɗaya huɗu.

Anti Nas:
Ka tafi da takardar haihuwarsu ta Hukumar Ƙidaya. Tunda kai da mahaifiyarsu kuna tare, da wuya a matsa muku. Inda ake samun cikas shi ne uwa ita kaɗai da yara, ko kawu ko goggo, saboda maganar safarar yara. A nan ana son takardar amincewar uba da kwafin fasfonsa. Sannan ka duba ranar ƙarewar nasu. Na yara shekara 5 ne, ba a ba su mai shekara 10, kuma iyaye na mantawa don nasu na da sauran lokaci. Ya zama akwai aƙalla wata shida a gaba.

Ɗan Kwari:
Ka kuma duba rubutun suna a tikiti. Mu Hausawa wannan ce ke kayar da mu. Fasfo ya ce Muhammad, ejan ya rubuta Mohammed. Ko ya ɗauki sunan gari ya sa a farko, sunan yanka ya koma ƙarshe. Matar aure kuma a fasfo sunan mahaifinta ne, mai yanka tikiti ya ga matar Alhaji ce ya liƙa mata sunan miji. A kanta za a tsayar da ku ana kiran jirgi. Ka tura wa ejan hoton shafin fasfo, in ya turo tikiti ka bi harafi bayan harafi.

Baban Zango:
Mu ma nan haka ne, Abubakar a wannan takarda, Bukari a waccan.

Maman Ilham:
To ni dai har yanzu ina kan bakana game da Alƙahira. In dala kawai za ku je ku dawo, ku kulle su a akwatin ajiya na ɗaki, ku fita da kwafi mai launi na shafin hoto da na biza da na hatimi, da katin otal. Istanbul na sallama wa Malam, tunda doka ce.

Ɗan Kwari:
Akwatin da ma'aikatan otal ke da lambar buɗe shi?

Maman Ilham:
Aljihun da duk kasuwa ke da hanyar shiga fa?

Ummu Hanan:
Afuwan na shigo a makare. Tambayata, wani otal da muka sauka sun karɓi fasfonmu a wajen karɓar baƙi suka ce sai za mu tafi za su ba mu. Mun ji tsoron yin musu. Daidai ne?

Malam Na-Zazzau:
Karɓa su rubuta bayananki daidai ne, ƙasashe da yawa sun wajabta wa otal ya sanar da 'yan sanda baƙon da ya sauka. A China cikin awa 24 ne, Italiya da Sifaniya ma suna yi. Amma wannan aikin minti biyar ne, ba ya buƙatar fasfo ya kwana a durowarsu. Ki ce su yi kwafi ki tsaya a wurin ki karɓi abinki. In suka ce jingina ce ta kuɗin ɗaki, ki biya kuɗin ko ki ba da ajiya a ba ki rasit.

Direban Maraɗi:
In sun ƙi, ki ce za ki fita canjin kuɗi kuma banki na nema. Nan take za su miƙo shi.